Kyamarar da Ƙyaurenta Ya Lalace: Lamarin Seydou Keïta, Mai Hoton Bamako

A shekarar 1991 aka buɗe wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka, wanda Susan Vogel ta shirya. Cikin kayan da aka rataye akwai wasu hotuna marasa kala na mutanen Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. A daidai lokacin kuwa, wanda aka ce ba a sani ba ɗin yana nan da ransa a garinsu, dattijo mai kimanin shekara 70, kuma da za ka tsayar da wani tsohon ɗan Bamako a hanya ka tambaye shi gidan Seydou mai hoto, da yatsa zai nuna maka. Negatif ɗin ayyukansa, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, dubbai, suna jibge cikin adakar ƙarfe a gidan.

Abin da ya ja ni ga lamarin nan shi ne yadda tsoffin kyamarori suka sake yin kasuwa. Matasa a Turai da Amurka da Japan suna ta sayen na fim, suna neman tsoffin gilasan kyamara irin su Helios 44 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, don hotonsu ya yi kama da na dā. In suna ba da misalin hoton fuska na wancan zamani da ya kai hoto, sunan Seydou Keïta ba ya faɗuwa ƙasa. To amma me ya yi aiki da shi, kuma yaya?

An haife shi a Bamako wajen 1921, lokacin garin yana hedikwatar ƙasar da Faransawa ke kira Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da sana'ar ya tashi. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga tafiya Senegal da ƙaramar kyamara Kodak Brownie, ya ba shi. Brownie akwati ce kawai mai ido ɗaya, ba abin saitawa. Ka nuna, ka danna. Da ita ya fara lalata fim a kan 'yan gidansu da abokan aikin kafinta. Ya riƙa sayen kaya a kantin wani Bafaranshe, Pierre Garnier, yana tsintar ilimi a wurinsa, sannan ya koyi wankin hoto a hannun wani mai hoto ɗan ƙasa, Mountaga. A 1948 ya buɗe nasa wurin a gidansu da ke Bamako-Koura, bayan babban gidan yari. Wurin ya yi masa rana, domin ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasan da ya haɗa Dakar da Bamako, ga kasuwa, ga silima. Matafiyi ya sauka, ya yi sayayya, ya biya a ɗauke shi kafin ya koma.

Yanzu ga kyamarar da ya yi suna da ita. Babba ce, irin wadda ake ɗorawa a kan ƙafa uku. Gabanta katako mai riƙe da gilashi, bayanta wani katakon, tsakaninsu baƙar fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Ba ta cin fim na nadi. Falle ɗaya ake sa mata, mai faɗin santimita 13 da tsawon 18, kusan tafin hannun babban mutum a buɗe. Mai hoto zai lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya leƙa wani gilashi mai dishi-dishi a bayan kyamarar, inda zai ga mutumin da ke gabansa kai a ƙasa, ƙafa a sama. Ya matso da zugazugin ko ya ja shi baya har fuskar ta fito tas. Daga nan sai ya rufe idon kyamarar, ya zura marikin fim a gurbin da yake leƙawa, ya zare marfinsa. Ma'ana, a lokacin da ake ainihin ɗaukar hoton, mai hoto ba ya ganin komai ta cikin kyamarar. Yana tsaye a gefenta, ido cikin ido da wanda ake ɗauka. Tsofaffinmu da suka yi hoton fasfo a wurin masu baƙin ƙyalle na bakin kasuwa sun san wannan tsayuwar.

Tasa kuma tana da wata nakasa: ƙyaurenta, wato abin nan da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido don haske ya shiga, ya lalace. Don haka da hannu yake yi. Ya cire murfin gilashin, ya ƙirga a ransa, ya mayar.

Nan ne, a ganina, bakin zaren yake, kuma nan ne masu kwaikwayonsa suke ɓata hanya. Hannun mutum ba ya iya cire murfi ya mayar cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Komai zafin namansa, hasken zai daɗe yana kwarara. In ba ka so fim ya ƙone, dole ka yi abu biyu: ka kai mutumin inuwa, sannan ka tsuke ramin da haske ke bi a cikin gilashin ya zama ɗan mitsitsi. Kowane ɗayansu yana da sakamako. Inuwar tsakar gida tana ba da haske mai laushi, wanda ke kwanciya a kan baƙar fata ya fito da goshi da kunci da tsagar fuska ba tare da ƙyalli ya cinye su ba. Duk wanda aka taɓa ɗauka da rana tsaka ya ga idanunsa sun zama ramuka biyu ya san bambancin. Tsuke rami kuma yana sa abin da ke gaba da abin da ke baya su fito tare. Babbar kyamara irin wannan tana aiki da gilashi mai dogon zango, wajen milimita 210, kuma irinsa in ka bar shi a buɗe, hanci na iya fitowa kunne ya dushe. Da aka tsuke shi, sai zanen atamfar da ke jikin mace da zanen labulen da ke bayanta suka fito da kaifi ɗaya, suna gogayya. Wannan gogayyar zane da zane ita ce alamar da ake gane hoton Keïta da ita tun daga nesa. Mai sayen tsohon gilashi a yau yawanci kishiyar haka yake nema: ya buɗe shi wangam don baya ya narke ya zama hazo. Kayan tsofaffi ne duka, amma kowa da inda ya dosa.

Sai maganar tsada. Fim daga Faransa yake zuwa, kuma kowane falle kuɗi ne. Keïta ya sha faɗa cewa sau ɗaya yake ɗaukar kowane hoto. Ba gwaji, ba "bari mu sake". Wanda ke da harsashi ɗaya ba ya harbi sai ya saita, don haka duk aikin ya koma kafin a taɓa murfi. Ya zaunar da mutum, ya karkata masa kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya ɗauki hannun mace ya ɗora inda zobba da lalle za su fito, ya baza bakin zane a ƙasa don a ga yawan yadin da aka kashe. Shi kansa abin da yake tinƙaho da shi ke nan: ya ce ɗaukar hoto ba wuya, sanin zaman da ya dace da kowane mutum shi ne aiki, kuma yana ganin bai taɓa kuskurensa ba. Da ji ka san dattijon ba ya raina kansa. Amma in ka dubi hotunan, da wuya ka musa masa.

Kuma tunda hasken na daɗewa, dole wanda ake ɗauka ya tsaya cak, har numfashi ya riƙe. Murmushin dole ba ya jure wannan. Rawa yake yi a leɓe, ya fito a dagule. Shi ya sa fuskokin suke a natse. Masu sharhi a Turai sun rubuta shafuka a kan kwarjini da mutuncin da ke cikin wannan kallo, kuma ban ce babu ba. Sai dai wani kaso na kwarjinin umarnin mai hoto ne kawai: kar ki motsa.

Labulen farko da ya rataya a bangon tsakar gidan zanen gadonsa ne, mai geza a baki. Bayan 'yan shekaru ya canja wani, ya sake canjawa, har da wani mai zanen ganye da ya murɗe, wanda ya fi kowanne shahara. Da yake ba ya rubuta rana a jikin kowane hoto, daga baya da labulen yake tuna shekarar da ya ɗauki mutum. Yana kuma ajiye kayan aro: kwat na Turawa, agogon hannu, alƙalami, tabarau, furen roba, rediyo, tarho, babur Vespa, daga baya har motarsa Peugeot 203. A bango ya manna samfurin hotunan da ya riga ya ɗauka, mai zuwa ya duba ya ce irin wancan nake so.

Akwai hotuna uku da nake komawa gare su. Na farko wani saurayi ne siriri cikin farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihun ƙirji, ya ɗaga fure ɗaya kusa da fuskarsa da dogayen yatsu. Kusan duk abin da ke jikinsa irin kayan da ake ara a wurin ne, amma riƙon furen nasa ne, ba mai ara maka wannan. Na biyu wani ƙaton mutum ne cikin babbar riga mai sheƙi, ya cika hoton daga gefe zuwa gefe, ya ɗora 'yar jaririya a cinya kamar ɗan tsako a kan buhun gero, yana dariya. Yana cikin 'yan kaɗan da suka karya dokar natsuwa suka sha. Na uku mata ne biyu cikin anko, sun jingina da Peugeot ɗin, kuma in ka matsa kusa ka dubi jikin motar, za ka hango inuwar mai hoton kansa ya sunkuya a kan kyamara. Mutanen nan ba wai suna yaudarar kowa ba ne. Bamako na cika da baƙi daga ƙauyuka, ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna, sojoji, 'yan kasuwa, kuma hoto shi ne wasiƙar da ake aika wa gida don a ga ɗa ya zama mutum a birni. Rediyon aro yana cewa ga inda na nufa, ko da ban kai ba tukuna.

Wanki ma a sauƙaƙe yake yinsa. Ba ya ƙara girman hoto. Negatif ɗin ake kwantarwa a kan takardar hoto, a danne da gilashi, a haska, a tsoma a ruwan magani. Abin da zai fito daidai girman negatif ɗin ne, 13 da 18, wanda zai shiga ambulan ko ƙaramin firam. A bayansa ya buga hatimin sunansa. Mai hoto ya karɓi kuɗinsa, mai fuska ya tafi da takardarsa. Negatif kuwa ya zauna a gida, an wanke shi da kyau, an jera shi, saboda dalili ɗaya tak na ɗan kasuwa: wataƙila gobe mutumin ya dawo ya ce a ƙara masa kwafi biyu.

Mali ta sami 'yancin kai a 1960. A 1962 gwamnatin shugaban ƙasa Modibo Keïta ta ɗauke shi aiki a matsayin mai hoton hukumar tsaro, ba da daɗewa ba ya rufe wurin nasa. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya a 1977. A tsakanin nan ɓarayi suka kwashe kayan aikin da ya bari. Ba su ɗauki adakar ba. Me za a yi da tarin baƙin fim? Zamani ma ya juya. Samarin Bamako sun koma wurin Malick Sidibé, wanda ke yawo da ƙaramar kyamara mai filasha zuwa wuraren rawa da bakin kogin Neja, daga baya kuma hoto mai kala da injinan wanki suka zo suka share kasuwar masu baƙi da fari gaba ɗaya.

Mu koma New York. Cikin waɗanda suka ga hotunan nan a 1991 akwai Jean Pigozzi, attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, ɗan mutumin da ya kafa kamfanin motar Simca. Ya tura mai kula da tarin nasa, André Magnin, ya nemo mai su. Magnin ya sauka Bamako a 1992 da kwafin hotunan a hannu. Aka kai shi wurin Malick Sidibé, wanda a lokacin har gyaran kyamarori yake yi, shi kuwa kallo ɗaya ya yi musu ya ce aikin Seydou ne. Ba shi kaɗai ne Bature da ya isa ƙofar a shekarun ba. 'Yar Faransa mai hoto Françoise Huguier ita ma ta san aikin, kuma tana cikin waɗanda suka kafa bikin hoton Afirka na Bamako a 1994. Amma Magnin ne ya zauna ya tsefe adakar, ya zaɓi negatif 921, ya tafi da su Paris.

A nan girman fim ɗin ya yi aikin da mai shi bai taɓa nufa ba. Falle mai 13 da 18 ya ninka na ƙaramar kyamara, mai milimita 24 da 36, kusan sau 27 a fili. In kana so ka fitar da hoto mai faɗin santimita 120, ƙaramin fim sai ka buɗa shi sau 50, ya fashe ya zama tsaki-tsaki. Na Keïta sau tara kawai yake bukata. Don haka da aka wanke su da girman ƙofar ɗaki, komai ya fito: saƙar zare, ƙwayar tsakiya a wuya, jijiyar bayan hannu, ƙurar da ke kan takalmi. Abubuwan nan sun shekara arba'in suna kwance cikin negatif, ba wanda ya taɓa ganinsu, har shi mai ɗaukar. Ya faɗa da bakinsa cewa ranar da ya fara ganin hotunansa da wannan girma, tsaf ba tabo, ranar ya tabbatar aikinsa mai kyau ne ƙwarai.

A 1994 gidauniyar Cartier ta baje aikinsa a Paris. A 1997 gidan sayar da kayan fasaha na Gagosian a New York ya rataye manyan, wasu sun kai inci 48 da 60, ana sayar da ɗaya har dala 16,000. Hoton da wata baiwar Allah ta biya 'yan faranka aka ɗauke ta don ta aika wa uwarta.

Inda kuɗi ya shigo, rigima ba ta nisa. A ƙarshen rayuwarsa Keïta ya raba gari da Pigozzi da Magnin, ya ƙulla da wani dillali a Paris, Jean-Marc Patras, aka kafa ƙungiya da sunansa don kula da aikin, wani gidan kuma a New York, na Sean Kelly, ya fara sayar da sababbin wanki. Ya rasu a Paris a watan Nuwamba 2001, ya bar ƙurar ba ta kwanta ba. Aka shiga jayayya a kan wa ke da ikon riƙe negatif 921 ɗin nan, wa ke da ikon wankewa, wane sa hannu ne sahihi, magana har kotu. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya ba. Kowane ɓangare yana da takardunsa da shaidunsa, kuma gaskiya ne cewa ba don tafiyar 1992 ba, da adakar na iya ƙarewa a bakin tsatsa da damina. Abin da ya fi damuna wani ne daban.

Wankin da duniya ta sani ba irin wanda Keïta ya yi da hannunsa ba ne. Na Paris an ƙara musu ƙarfi, baƙi ya yi baƙi ƙirin, fari ya yi fat, don zanen atamfa ya daki ido daga ƙarshen zaure. Nasa na asali ƙanana ne, launinsu a tausashe, toka-toka. Negatif ɗaya, amma hoto biyu, kuma ko masu wankin na baya ba su yi daidai da juna ba. Saboda haka matashin da ya sayi tsohuwar kyamara yana so ya fitar da "kalar Keïta", abin da yake bi a guje rabinsa aikin wani ɗakin wanki ne na Faransa a shekarun 1990. Rabin da ya rage kuma ba a sayar da shi a kanti: inuwar tsakar gida, falle ɗaya, murfi a hannu, da mutumin da ya yi wanka ya ci ado ya zo da niyyar a gan shi yadda yake so. Ina da hoton kakata irin na wancan zamani, wani mai hoto da ba mu san sunansa ba ya ɗauka. Ta zauna ɗoɗar, hannu biyu a gwiwa, kuma mahaifiyata ta ce kwana biyu aka yi ana shirin zuwa, har da aron sarƙa a maƙwabta. Na gwada ɗaukar 'yar uwata da waya a zama iri ɗaya. Sau goma sha na danna, tana dariya tana cewa in nuna mata, ba ko ɗaya da ya zauna.

Sai kuma su mutanen cikin hoton. Keïta bai rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba, ba shi da dalilin yi. Mai shayi ba ya rubuta sunan wanda ya sha. Don haka yau a gidajen tarihi, a ƙarƙashin kusan kowane hoto, sunansa ne da shekara, sai kalmar da ke nufin ba take. Ba wanda ya tambayi matar da ta kishingiɗa a kan bargo mai dara-dara a wani hotonsa ko ta yarda baƙi su tsaya a kanta suna ƙare mata kallo da girman bango. Cinikin da ta yi da mai hoto na takarda ɗaya ne, a tsakar gida, a unguwar da aka san ta. Dokar mallakar fasaha ta tsaya wa mai kyamara da magadansa. Ita ba ta cikin lissafi.

A 2016 aka yi masa babban baje koli a Grand Palais da ke Paris. Ban da manyan wankin, an kawo wasu daga cikin ƙananan na asali, irin waɗanda suka kwana a bangon ɗakuna da ƙasan akwatuna. Wasu sun yi ja, wasu gefensu ya cinye. A jikin wasu kuma akwai abin da babu shi a negatif ko ɗaya: bayan an karɓo hoto daga wurin Seydou, akan kai shi wurin mai sa firam, shi kuma ya ɗauki ɗan burushi ya shafa wa 'yan kunne ruwan zinariya, ya taɓa ɗankwali da kala, ya sa wa farce ja.